Sassauƙar Ƙirar Gwal: Lacca ga Maƙera da Masu Koyon Sana'a a Gezawa

 

  

An nemi in yi magana a kan ƙirar gwal ta zamani, musamman irin wadda ake yi da zinare kaɗan, babu tarkacen ado, wadda zan riƙa kira sassauƙar ƙira. Wani zai ce me ya haɗa manomin gero da gyaɗa da wannan zance? Abin da ya haɗa su shi ne, da wuya ka sami gida a ƙasar nan da ba a taɓa zama a cikinsa an yi shawarar ɗan kunnen lefe ba, kuma kusan duk kuɗin da aka kashe a kan wannan ɗan kunne ya tsallake maƙerin gida, ya tafi Dubai ko Saudiyya ko Italiya.

Mu fara da yadda muke sayen gwal. Mace ta shiga shagon mai gwal a birni, ta nuna sarƙa da ɗan kunne a cikin gilashi. Mai shago zai ɗora a kan sikeli, ya danna kalkuleta, ya ce giram kaza ne, giram yau kaza yake. Za ta tambaya: ɗan Dubai ne ko ɗan Saudiyya? Karat nawa ne? Ba za ta tambayi wanda ya ƙera ba, shi ma mai shagon bai sani ba, don inji ne ya buga dubbai irinsa a wata masana'anta. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. A wurin matanmu gwal ajiya ce kafin ya zama ado. Shi ake cirowa daga ƙasan akwati ranar da ciwo ya kwantar da maigida, ko damina ta kama babu kuɗin taki, ko kujerar Makka ta rage cikon da ba a samu ba. Matar da ta riƙe gwal ta fi wadda ta riƙe naira a shekarun nan kwanciyar hankali, kowa ya shaida wannan. Sai dai abin da wannan ɗabi'a ta jawo wa maƙerin fari, wato mai aikin azurfa da zinare da tagulla, shi ne ya koma mai gyara. A kawo masa sarƙa ta tsinke ya liƙe, a kawo zobe ya matse ya buɗa, a kawo tsohon awarwaro ya narkar a sayar. Hannun da kakansa ya yi wa sarakuna kayan doki da shi, yau aikinsa ke nan. Wannan shi ne abin da ke damuna, kuma shi ya kawo ni.

Maƙerin Gezawa ba zai iya yin tsere da injin Dubai wajen sarƙa mai sarƙaƙiya da furanni ba. Injin ya fi shi sauri, ya fi shi araha. Amma akwai fagen da hannu ɗaya da ido mai kyau suke cin kasuwa, kuma masu ƙira a wasu ƙasashe sun daɗe da gano shi.

Bari in ba ku labarin wata mata 'yar Italiya, Elsa Peretti. An haife ta a birnin Florence a 1940, ta rasu a Sifen a 2021. A 1974 ta fara yi wa kamfanin Tiffany na birnin New York zanen kayan ado. A lokacin, abin da masu kuɗi suka sani da kayan ado shi ne tulin lu'ulu'u a kan zinare, wanda ake ajiyewa a banki sai ranar biki. Ita kuwa sai ta fito da abin wuya wanda ba komai ba ne illa siffar ƙwayar wake guda ɗaya, sumul, a rataye a siririyar sarƙa. Wake dai, irin wanda kuke shukawa tsakanin kunyoyin gero. Ta dubi yadda yake da ciki a gefe ɗaya da doro a ɗaya gefen, yadda yake zama a tafin hannu, ta fitar da wannan siffar a azurfa da zinare, ba ta ƙara masa ko ɗigo ba. Ta kuma yi wani faffaɗan abin hannu da ta ɗauko siffarsa daga ƙashi, wanda yake bin tudun ƙashin wuyan hannu yana kwanciya a kai, har ya zama na dama daban, na hagu daban. Ta ɗauki ƙananan ƙwayoyin daiman ta jera su nesa da juna a kan siririyar sarƙa, yadda ma'aikaciya mai albashi za ta iya saye ta sa kullum. Shekara hamsin ke nan ana sayar da waɗannan abubuwa ba a canza su ba, kuma an sha ruwaito cewa zane-zanenta kaɗai sun riƙa kawo wa kamfanin kusan kashi 10 cikin 100 na cinikinsa.

Abin lura a wurinta shi ne inda take samo tunani. Ba a shagunan abokan sana'arta take yawo ba. Ƙashi, wake, ɗigon hawaye, wata 'yar tukunyar fure da ta tsinta a kasuwar gwanjo, su ne malamanta. Kuma ba ta raina masu aikin hannu ba. Ta zauna da maƙeran azurfa a Barcelona, ta je Japan wurin masu saƙar gora da masu shafen kwano, tana kallon hannayensu.

Ta biyu tana raye, tana aiki yanzu haka, kuma ta fi kusa da mu. Sunanta Emefa Cole, haifaffiyar Gana, tana zaune a Landan. Zobbanta manya ne amma babu zane a kansu, sai lanƙwasa da rami da santsi. Ita daga ƙasa take ɗauko siffa: bakin dutse mai aman wuta, da yadda ruwa da iska suke cinye dutse su bar shi da kwari. Gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan ya sayi zobenta ya ajiye cikin kayansa. To ga abin da nake son matasa su riƙe: bayan ta gama karatun ƙira a jami'a a Ingila, sai ta koma Kumasi ta durƙusa a gaban maƙerin zinaren Sarkin Asante, ta koyi zubi irin na kakanni, wanda ake siffanta abu da kakin zuma, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken zinare a gurbinsa. Takardar shaidar Landan ba ta hana ta zama 'yar koyo a maƙerar gargajiya ba. Akwai kuma Adele Dejak, wadda a nan Kano aka haife ta, take aiki a Nairobi ta ƙasar Kenya da tagulla da ƙahon shanu, kayanta suna shiga kasuwannin duniya. Ita nata aikin manya ne masu cika ido, na ambace ta ne don ku san cewa wanda ya sha ruwan Kano ma yana cikin wannan fage.

Kada wani ya ɗauka sassauƙar ƙira baƙuwa ce da za mu aro daga Turai. Zinare ya daɗe a ƙasar Hausa. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, akwai tuddan kaburburan manyan mutanen da. Baturen mulki Palmer ya fara tona su a 1907, aka sake tono a 1992, aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus aka tsaftace shi. A ciki akwai 'yan kunne da zobe da abin wuya na zinare, tare da wuri da mundaye da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen gabas, kuma masana sun ce kayan sun kai tsakanin ƙarni na 13 da na 15. A 2019 an nuna waɗannan kayan zinare a Amurka, a wani baje kolin tarihin fataucin Sahara da aka yi a Jami'ar Northwestern. Tun kafin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, matan wannan yanki suna sa zinare a kunne.

Amma misalin da na fi so shi ne ɗan kunnen matan Fulani na ƙasar Mali, wajen Mopti da Jenne. Duk wanda ya taɓa ganinsa ko a hoto ba ya mantawa. Maƙeri yana ɗaukar sandar zinare guda ɗaya, ya bar bakinta biyu sirara, ya dinga bugun tsakiyar yana fitar da fukafukai huɗu, kowanne yana faɗi yana sirancewa har ya kusa zama takarda. In zinaren ya yi tauri ya mayar wuta, ya dawo ya ci gaba. Daga nan ya murɗa shi a hankali, ya lanƙwasa shi kamar jinjirin wata, a naɗe saman da jan zare don kada ya yanki kunne. Babu dutse, babu liƙi, babu wani abu da aka manna. Kyansa duka yana cikin yadda haske yake gudu a kan murɗin in mace ta juya kai. Yau shagunan Faris da New York cike suke da kwaikwayonsa, ana yi da tagulla a shafa ruwan gwal. Maƙerin da ya fara fitar da wannan siffa bai je makarantar zane ba, ya dai san iyakar abin da zinare zai jure a ƙarƙashin guduma.

Ku tuna kuma da mundayen kakanninmu mata na azurfa, irin mai kauri sumul da ƙulli a baki biyu, da murɗaɗɗen awarwaro na waya biyu ko uku. Da yawansu daga tsabar azurfar ƙasar Ostiriya aka yi su, mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, wadda nauyinta ya kai giram 28, fatake suna kawo ta ta Sahara, maƙera suna narkarwa. Ga kuma aikin maƙeran Buzaye na Agadas, da abin wuyan nan nasu na azurfa da garuruwa irin su Ingal da Tawa da Damagaram kowanne yake da nasa samfurin. Duk waɗannan gadonmu ne da na maƙwabtanmu. Abin baƙin ciki, yawancin tsofaffin mundayen an auna su a sikeli an narkar. Iyayenmu mata, ina roƙonku, wadda take da guda ɗaya a ɗaki ta bar shi, ko ba komai jikokinmu su ga yadda ake yi.

Yanzu ga maƙera da masu koyo. Akwai masu zaton cewa aiki mara ado aikin rago ne. Duk wanda ya taɓa riƙe magagari ya san ba haka ba ne. Sarƙa mai furanni da ƙwalƙwali tana ɓoye aibi. In liƙi ya yi muni sai a ɗora fure a kai. Zobe sumul ba shi da inda zai ɓoye komai.

Mu ɗauki zoben mace mafi sauƙi, siriri, faɗin milimita 2, kaurin milimita 1.5. Ka narkar da zinarenka, kuma ka sani tsantsarsa ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,064, don haka gawayinka da zuga-zuginka, ko wutar gas in kana da ita, sai sun yi aiki. Ka zuba shi ya zama 'yar sanda. Ka buga, ka ja. Kana bugu yana tauri, in ka matsa masa a haka zai tsage, sai ka mayar da shi wuta har ya yi ja-ja mara haske sosai, ka bar shi ya huce, ya dawo da laushinsa. Sannan awo. In faɗin cikin zoben milimita 17 ne, ka ƙara kaurin ƙarfen, ya zama 18.5, ka ninka da 3.14, ka sami kusan milimita 58. Nan za ka yanke. Wanda ya yanke da ka, ba da awo ba, zai yi ta ƙari da ragi har ya ɓata gwal ɗin mutane. Ka goge bakin biyu da magagari su miƙe, ka lanƙwasa su haɗu, ka ɗaga zoben ka duba ta hasken rana. In haske ya ratsa ta mahaɗin, bai yi ba, koma ka gyara. Sai ya rufe ruf, sannan ka ɗora ɗan ƙanƙanin abin liƙi wanda launinsa ya dace da na zoben, ka ba shi wuta daidai yadda zai gudu ya cike mahaɗin ba tare da zoben ya narke ba. Ka jiƙa shi a ruwan lemon tsami da gishiri ya fitar da baƙin wuta, ka zura shi a sandar ƙarfe ka daidaita da'irarsa, sannan magagari, sannan samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan gogewa. In ka gama, ka miƙa wa wani maƙerin ka ce ya nemo mahaɗin. In ya juya ya juya bai gani ba, ka iya. Duk wannan aiki a kan gwal da bai fi giram 3 da 'yan kai ba. Kuma tun daga farko ka shimfiɗa fata ko faranti a ƙarƙashin hannunka, domin garin da magagari yake zubarwa dukiyar mai kaya ce, amana ce a wuyanka.

Na san abin da ke ran iyayenmu mata, don na ga wasu suna murmushi. Za su ce: Malam, wannan siririn abu ai ba ya cika ido, in aka buɗe lefe dangin amarya za su ce an raina su. Gaskiya ne ana faɗar haka, kuma ba na ce a daina sayen manyan kaya ba, mai hali ya saya, Allah ya ƙara buɗi. Amma Hajiya, mu yi lissafi tare. Babbar sarƙar nan mai cika ƙirji, da yawa cikinta holoƙo ne, an busa ta ta yi girma alhali bangonta bai fi ɓawon albasa ba. Yaro ya ja ta sau ɗaya ta lotsa, kuma in ta lotsa ba ta gyaruwa. Duwatsun da ke ƙyalli a jikinta galibi gilashi ne. Ranar saye a wasu shagunan da su ake aunawa, ki biya kuɗin gwal a kan gilashi. Ranar da kika koma sayarwa kuwa sai a ɓamɓare su, ko a zaftare nauyinsu, a kuma cire kuɗin aiki. Mata nawa ne suka fito daga kasuwa da hawaye saboda wannan? Abu sumul mai cikakken jiki, wanda babu dutse babu rami, nauyin da kika saya shi ne nauyin da za ki sayar, kuma za ki sa shi ki yi wanka, ki yi tuwo, ki ba 'yarki bayan shekara talatin yana nan yadda yake. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga kuma tsada. A kasuwar duniya ana auna gwal da oza, wadda take giram 31.1. Oza ta haura dala 2,000 a karon farko a watan Agustan 2020, ta haura 3,000 a Maris na 2025, ta haura 4,000 a Oktoban 2025. Ku haɗa da faɗuwar naira. Saurayin da yake noma kadada ɗaya yana haɗawa da acaɓa ko ɗinki, in aka ce sai ya kawo saitin giram 20 kafin a ba shi mata, an ce masa kada ya yi aure ke nan. Abin da yake faruwa shi ne a sayi na ruwan gwal, wata uku ya koɗe, kunnen yarinya ya yi ƙaiƙayi. Ni a ganina ɗan kunne na gwal na gaske mai giram 2, wanda aka yi shi da kyau har mai kallo ya sake kallo, ya fi wa amarya mutunci da amfani a kan tulin abin da zai zama baƙi kafin ta yi haihuwar fari. Wannan ɗan kunnen kuwa maƙerin garin nan zai iya yin sa.

Akwai wani dalilin da ba na iya tsallakewa in ana zancen zinare. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda gubar dalma. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma, ana kawo su cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka shafe shekaru suna magani, aka kankare ƙasar gidaje a garuruwa irin su Bagega. 'Ya'yan manoma ne irin namu. Har yau ana haƙa a Zamfara da Birnin Gwari da jihar Neja, da Jado can arewacin Nijar tun 2014, kuma kaso mai yawa na abin da ake samu yana fita ɗanye, ya je Dubai, a mayar da shi sarƙa, mu saya da tsada. Mu ne da haƙa da guba, wasu ne da ladan ƙira. Duk wanda ya san haka, in giram ɗaya ya shigo hannunsa ba zai yi wasa da shi ba. Zai so ya fitar da iyakar kyan da za a iya fitarwa daga cikinsa, kuma zai fi son narkar da tsohon gwal da ke gari a sake ƙera shi a nan.

To daga ina matashin Gezawa zai samo siffa? Na san amsar da ta fi sauƙi: ya buɗe Instagram ya kwafa. Ku kalla, ban hana ba, ido yana buƙatar abinci. Amma kwafa daban, tasiri daban. In ka kwafi waken Peretti, ka yi abin da wani ya riga ka, kuma nata zai fi naka. In ka koyi yadda ta tsaya ta kalli wake har ta ga abin da sauran mutane ba su gani ba, to ka sami abin da ba ya ƙarewa. Ka ɗauki kwanson gyaɗa ka duba yadda ya tsuke a tsakiya. Ka duba ɗan tsamiya, da lanƙwasar lauje, da siffar allo da ɗan kansa a sama, da bakin ludayi, da zankon da ke kan kusurwar soro, da ƙahon bunaji. Ka ɗauki takarda da fensir ka zana abu ɗaya sau da yawa, kowane zane kana rage wani abu, har ka kai inda in ka ƙara ragewa ba za a gane shi ba. Nan za ka tsaya. Sannan ka tambayi kanka tambayoyin da zane ba ya amsawa: zai kama mayafi? Zai ja kunne? Mai shi za ta iya alwala da shi ruwa ya shiga ƙarƙashi? Abin da ya yi kyau a takarda amma ya yagi gyale, ba za a sake saye ba.

Kuma kada ku fara da gwal. Ba ku da jarinsa, kuskure a kansa kuma yana da tsada. Ku fara da tagulla da jan ƙarfe har hannu ya faɗa, sannan azurfa. Azurfa tana da kasuwarta a shirye, tunda shari'a ta haramta wa maza sa zinare ta halatta musu zoben azurfa, kuma ku dubi hannayen mazan da ke wannan wuri ku ƙirga zobba. Mafi yawansu daga waje aka kawo su. Wanda ya iya fitar da zoben azurfa mai tsabta wanda ba a ganin mahaɗinsa, ranar da wata ta kawo masa karyayyen ɗan kunnenta na gwal ta ce a sake mata wani abu da shi, ya riga ya shirya. 'Yan mata ma ina ba su shawara su shigo. Na san a al'adarmu ƙira gadon maza ce, amma zane da jan waya da gogewa ba su buƙatar ƙarfin masaba, kuma mace ta fi kowa sanin abin da yake damun kunnen mace.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ke ɗaure duk sauran: yarda. Abin da ya sa mace take gudun gwal ɗin gida ta nemi ɗan Dubai, hatimin da ke jikinsa ne. Ku san ma'anar lambobin nan. Karat 24 shi ne tsantsa, ya cika laushi ga abin sawa kullum. In kun ga 916, karat 22 ke nan. In kun ga 875, karat 21 ne, wato a cikin giram 10 akwai giram 8.75 na zinare, sauran azurfa ne da jan ƙarfe. In kun ga 750, karat 18 ne, kashi uku zinare kashi ɗaya gami, kuma shi ya fi dacewa da siririn aiki don ya fi tauri. A azurfa kuwa 925 ake nema. Maƙerin da yake son a dawo masa sai ya buga lambar gaskiya a jikin aikinsa, ya buga tasa alamar a gefe, yadda ko a Kurmi aka kai abin za a ce aikin wane ne na Gezawa. Ya auna a gaban mai kaya ranar karɓa, ya auna a gabanta ranar bayarwa. Ya goga a dutsen gwaji ya ɗiga asid tana kallo. Ya rubuta mata rasit mai layi biyu: ga nauyi da karat, ga ladan aiki, kowanne daban, don ta san me za ta samu in ta tashi sayarwa, shi kuma ya daina jin kunyar faɗin kuɗin guminsa.

A nan ma akwai hukuncin da ya kamata a kiyaye, malamanmu suna zaune za su ƙara bayani. Musayar zinare da zinare sai nauyi ya zo daidai, kuma hannu da hannu. Don haka al'adar nan ta a kawo tsoho a karɓi sabo a yi ciko tana da matsala a wurin malamai. Hanyar da ta fi tsabta ita ce a sayar da tsohon a karɓi kuɗi, sannan a sayi sabon. Ko kuma mai kaya ta ba maƙeri gwal ɗinta ya ƙera mata shi ɗin dai, ta biya shi ladan aikinsa. Wannan hanya ta biyu ita ce ta fi dacewa da maƙerin karkara, domin ba ta buƙatar ya tara jarin gwal a shago, kuma ba ta jawo masa idon ɓarayi.

Sarkin Maƙera, roƙona gare ka da jama'arka shi ne ku samar da sikeli ɗaya mai kyau da dutsen gwaji ɗaya a hannun wanda kuka amince da shi, duk wanda ya yi aikin azurfa ko gwal a ƙasar nan ya kawo a duba kafin ya buga lamba. Wanda aka kama da algus a hana shi alamar. Kuɗin waɗannan kaya bai fi ƙarfin mutum goma in sun haɗa hannu ba, kuma ana iya farawa kafin kaka, lokacin da ake sayar da amfanin gona a fara haɗa lefe.

A nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.